Abin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Mutanen Ruwan Godiya, ta ƙasar Faskari a kudancin Katsina, manoma ne na dawa da masara da auduga, da yawansu kuwa sukan rayu har su tsufa ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Amma duk da haka, in kaka ta yi kara ya bushe, ba ka rasa yaron da zai zauna gindin rumbu da reza, ya yanka totuwa ya soke ta da ɓawon kara, ya haɗa mota, ko jirgin sama, ko jirgin ruwan da bai taɓa gani ba sai a littafin makaranta. Wanda ya ɗan tasa, hannunsa kuma ya faɗa, yakan roƙi guntun icen rimi wurin masassaƙa, saboda rashin nauyinsa da sauƙin fafewa, ya fid da siffar jirgi sosai. Shari'a ba ta hana wannan ba, gama Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya yi wa wani mai sana'ar sura fatawa da ya suranta itatuwa da abin da ba shi da rai. Mas'alar da ta fi wannan zurfi tana ƙasan jirgin, inda ido ba ya kaiwa.

Wanda ya san aikin ya san cewa shafa fenti shi ne mafi ƙanƙantar wahalarsa. Sai an bar icen ya bushe a inuwa tukuna, domin ɗanyen ice yakan tsage daga baya, fentin ya ɓamɓare. Sa'an nan a bi shi da samfefa mai kaushi, a koma mai laushi, ana bin tsawon icen. Duk inda aka ga tsaga a cike ta da garin katako da aka kwaɓa da gam, a jira ta daskare, a sake gogewa har ɗan yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Bayan haka ake yin shafin farko, siriri, wanda ice ke shanyewa, a kife kwali a kansa don ƙurar hunturu, a sake goge shi in ya bushe. Sai a ƙarshe ake ɗaure fensir a kan ɗan katako, a zagaye jirgin da shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri don layin ruwa ya fita daidai, a shafa ja a ƙasa, baƙi ko fari a sama. Fenti mai sheƙi kuwa ba shi da rufin asiri, duk ƙarzar da aka bari sai ya ƙara fito da ita.

To, mai hankali yana iya cewa: wannan ɗan jirgi ba zai ɗauki kowa ba, ba zai shiga kogi ba, a kan kabad za a ajiye shi, ƙasansa ma a ɓoye, tun da hukuncin abu yana bin manufarsa, manufar wannan kuwa kallo ce, me zai sa a ɓata lokaci, wanda shi ma amana ne, wajen gyaran abin da ba mai gani? Maganar tana da ƙarfi, kuma da a ce aiki a kan ice kaɗai yake tsayawa, da ta wadatar.

Sai dai kowane aiki yana barin alama biyu, ɗaya a jikin abin da aka yi, ɗaya a zuciyar wanda ya yi shi, ta biyun kuwa ita ta fi daɗewa. Yaron da ya koyi cewa ana iya yin kitso da kwarkwata muddin ba wanda zai duba, shi ne gobe kafinta, shi ne magini, shi ne mai kai masara kasuwar Dandume ko Funtuwa, wanda zai zuba mai kyau a bakin buhu ya bar ruɓaɓɓiya a ƙasa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ciki, ya zarge shi da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Ihsani, yadda hadisin Jibrilu ya bayyana shi, ya ginu ne a kan yaƙinin cewa Allah yana ganin bawa ko da bawa ba ya ganinsa. Wanda ya riƙe wannan, babu sauran wani sashe na aikinsa da zai kira ɓoyayye.

Shi kansa jan fentin ƙasan manyan jirage da ake kwaikwaya, tsaro ne asalinsa. A shekarar 1761 mayaƙan ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, don tsutsar teku da ke huda katako. Daga baya aka koma ga fenti mai haɗin jan ƙarfe, wanda ke hana tsiro da ƙwarin ruwa mannewa. Masu haɗa jirage a Yawuri, bakin kogin Kwara, ba su buƙatar wa'azi a kan haka, domin sun san ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tsagar da aka rufe da ha'inci rayukan mutane take ci. Fenti a kan gyararren ice sutura ne da kariya, a kan ruɓaɓɓe kuwa shaidar zur ne, alhali gwangwanin ɗaya ne.

A cikin Suratul Kahfi akwai jirgin wasu miskinai masu aiki a teku, wanda Halliru ya huda har Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi inkari, sai daga baya ta bayyana cewa wannan aibin ne ya tsirar da jirgin daga wani sarki mai ƙwace. A nan zahiri ya munana, baɗini ya kyautata. Mai algus kuwa ya juya al'amarin, ya ƙawata zahiri ya bar baɗini cikin ɓarna. Saboda haka ne malaman tasawwufi suka gabatar da tsarkake zuciya daga hassada da riya da girman kai a kan yi mata ado da kyawawan halaye, kamar yadda almajiri ba ya ɗora sabon rubutu sai ya wanke allonsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, bisa wannan jeri ya tsara littafinsa Ihya'u, ya gabatar da rubu'in halaye masu halakarwa kafin na masu tsirarwa.

Don haka ina kira ga iyaye da malaman makaranta, na allo da na boko: in yaro ya kawo aikin hannunsa, kada a tsaya ga yabon launi. A karɓa da mutunci, a juya shi, a shafa ƙasansa da ɗan yatsa. In an ji santsi a sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa, in an ji kaushi a ce masa cikin taushin murya, "Ɗana, koma ka goge nan tukuna," a kuma zauna tare da shi har ya gama. Amanar da za a ba shi in ya girma, ta dukiya ko ta mutane, a kan wannan tarbiyya za ta tsaya.