Amanar Kyanwar Da Ba Ta Da Gashi

Zancen wannan mako a kan wata irin kyanwa ne marar gashi, wadda ake kiwo a gidajen Turai da Amurka. Abin tambaya shi ne: mene ne ya hau wuyan mutumin da ya ajiye dabbar da ba ta iya rayuwa sai da hannunsa?

Asalin wannan kyanwa sananne ne. Cikin 1966, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, wata kyanwar gida ta haifi ɗa ba gashi a jikinsa. Aka sake samun irinsa a jihar Minesota ta Amurka cikin 1975, da kuma Toronto cikin 1978. Masu kiwo suka yi ta haɗa waɗannan har iri ya kafu, suka raɗa masa suna Sfinkis, watau sunan gunkin nan na Masar da Larabawa ke kira Abul Hauli, alhali kuwa babu abin da ya gama ta da Masar. Dalilin rashin gashin wata tangarɗa ce a ƙwayar halittar da ke gina gashi, kuma ba ta bayyana sai ɗan ya gaje ta daga uwa da uba duka biyu. Saboda haka da an bar kyanwoyi da halinsu da wuya a gan ta. Zaɓin ɗan Adam ne ya yawaita ta.

To, gashin kyanwa ba ado ba ne kaɗai. Shi ne bargonta lokacin sanyi, shi ne inuwarta lokacin rana, shi ne kuma ke shanye maiƙon da fatarta ke fitarwa. Idan babu shi, duk wannan aiki ya koma kan mai gida. Maiƙo yakan taru a fata da cikin lanƙwasarta, sai an riƙa yi mata wanka da ruwan ɗumi a kai a kai, a goge kunnuwa da gindin farata, in ba haka ba ƙuraje su fito. Sanyi na kama ta da sauri, sai an ba ta ɗaki mai ɗumi, wani lokaci har da riga. Rana na ƙona ta kamar yadda take ƙona fatar jariri. Cinta ya fi na sauran kyanwoyi, gama jikinta na ƙona abinci don ya riƙe zafi. Da yawansu ba su da gashin bakin da kyanwa ke laluben hanya da shi cikin duhu. Ga kuma ciwon kaurin tsokar zuciya da ya yawaita a irinta, wanda ke bukatar likitan dabbobi ya riƙa dubawa.

A nan ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ke da darasi. An ba da labarin wata mace da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mai lura zai ga ƙofa biyu aka buɗe wa matar nan, ciyarwa ko saki, ta rufe su duka. Haka ma a Muhtasar na Shehu Halil, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Watau muddin dabba na da wata mafita a ƙasar Allah, nauyin mai ita yana da sauƙi. Amma kyanwa marar gashi ba ta da makiyaya. Sakinta a titi ba 'yantawa ba ne, hallakarwa ce. Ƙofa ɗaya ta rage wa mai ita, ba shi da ranar hutu a kanta har iyakar ranta.

Wani zai ce ai masu ajiye ta suna ƙaunarta, suna kashe mata dukiya, ita ma tana da sabo da son jikin mutane. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya tsaya da haƙƙinta don Allah ba zai rasa lada ba. Sai dai tilas a rarrabe abu biyu. Jin ƙan kyanwar da aka riga aka haifa daban, ci gaba da haifar da wasu da gangan don sha'awar ido da neman riba daban. Wani bincike na Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan, wanda aka buga cikin 2024, ya nuna matsakaicin ran kyanwa a Ingila ya kusa shekara 12, amma na Sfinkis bai kai 7 ba, shi ne mafi gajarta cikin ire-iren da aka auna. Ƙasar Holan ta yi irin wannan rarrabewa: daga 1 ga Janairu 2026 ta hana ajiye sababbi, ta bar waɗanda ke hannu su ƙare kwanakinsu wurin masu su. Tausayin da ke buƙatar a fara raunana dabba kafin a nuna mata shi, akwai abin dubawa a cikinsa.

Saboda haka wanda ke da ita a gida lalle ne ya san amana ce ya ɗauka, ba kayan ƙawa ba. Idan ya ga ba zai iya ba, ya miƙa ta ga wanda zai iya. Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya tuna cewa kuɗin kowane mai saye shi ke sa a haifo wata, ga kuwa kyanwoyi masu gashinsu da ke yawo ba mai ba su ko ruwa. Allah Ya sanya tausayi a zukatan bayinsa, Ya ba su ikon sauke abin da suka ɗauka, amin.