Rashin Haihuwa: Kalma Zuwa Ga Mazaje

Karatu: Farawa 25:19-26, Afisawa 5:25-29

Yau maganarmu da mazaje ce, amma mata ma su kasa kunne, gama abin ya shafe su.

Idan aure ya kai shekara biyu ko uku babu ciki, kowa ya san inda ido yake komawa. Uwar miji ta fara habaici, dangi su fara kiran matar juya. A kai ta wurin mai magani, ta sha sassaƙe da jiƙo har ta gaji. A ikkilisiya ma ita ce take fitowa gaba a ɗora mata hannu. Maigida kuwa yana zaune, ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa asibiti. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Maganar Allah ba ta ɗora wa mace wannan kaya ita kaɗai ba. A Maimaitawar Shari'a 7:14, da Musa ya yi zancen rashin haihuwa, ya ambaci namiji, ya kuma ambaci mace. A Farawa 20:17, sa'ad da Ibrahim ya yi addu'a domin gidan Abimelek ya sami haihuwa, sunan Abimelek ne farko cikin waɗanda Allah ya warkar, sa'an nan matarsa.

Abin da likitoci suka gano bai saɓa wa wannan ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 1 cikin 6 yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Cikin ma'auratan da suke fama da ita, wajen rabinsu akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai, ko tare da matarsa.

Wani zai ce, ni lafiyata ƙalau, ban taɓa kasawa a shimfiɗa ba. Ɗan'uwana, ƙarfin saduwa daban, haihuwa daban. A cikin maniyyi akwai ƙwayoyin haihuwa waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna iya yin kaɗan, ko su kasa motsi, ko ma babu su sam, alhali mutum yana jin kansa garau. Ko wanda ya taɓa haihuwa a dā, ciwo yana iya taɓa shi daga baya.

Me yake kawo haka? Ciwon sanyi da ba a yi masa magani sosai ba yakan toshe hanyar da ƙwayoyin suke bi. Hangum, idan ya kama namiji bayan ya balaga, yana iya sauka ya kumbura maraina. Tsargiya, wadda masu shiga tafki da gulbi suka sani, tana iya taɓa hanyar maniyyi. Akwai kumburin jijiyoyin jini a maraina, wanda yake ɗaya daga cikin dalilan da aka fi samu. Akwai yaron da aka haifa marainansa ba su sauko ba, ba a kuwa yi masa aiki da wuri ba. Zafi mai yawa ma yana ɓata ƙwayoyin, domin Mahalicci ya ajiye maraina a waje don su ɗan fi sauran jiki sanyi. Taba, giya, shan tramol, ƙiba mai yawa, ciwon sukari, da allurar sinadarin maza da wasu suke yi don neman ƙarfi, dukansu suna rage haihuwa.

Ka lura, wasu daga cikin waɗannan suna zuwa ta hanyar zunubi, amma da yawa ba ruwansu da zunubi. Luka 1:6-7 ya shaida cewa Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, duk da haka suka tsufa ba ɗa. A Yahaya 9 kuma Ubangiji ya hana almajiransa neman mai laifi a kan mutumin da aka haifa makaho. Idan lamirinka ya nuna maka wani zunubi, ka tuba, akwai gafara cikin jinin Yesu. Idan babu, kada ka yarda wani ya ce maka la'ana ce.

Yanzu mu dubi Ishaku. Yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, yana da 60 aka haifi Isuwa da Yakubu. Shekara 20 ke nan na jira. A gidansa ma Nassi ya faɗa a fili cewa matsalar tana wajen Rifkatu, amma ba mu karanta cewa ya kore ta ko ya yi mata kishiya ba. Ya san irin wutar da zancen Hajaratu ya kunna a gidan mahaifinsa. Ishaku ya ɗauki nawayar matarsa ta zama tasa, ya kai ta gaban Ubangiji. To, idan wanda ba daga gare shi matsalar take ba ya tsaya haka, ina ga kai da ba ka ma san ko daga gare ka take ba?

Ga abin da ya kamata ku yi. Idan kun yi shekara 1 kuna saduwa a kai a kai, ba tare da maganin tazara ba, ciki bai samu ba, ku tafi asibiti ku biyu. Idan matar ta wuce shekara 35, kada ku jira fiye da wata 6. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Za a ce ka ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, ka ba da maniyyi a ɗakin gwaji, a ƙidaya ƙwayoyin, a duba motsinsu da siffarsu. Idan sakamako bai yi kyau ba, akan sake gwadawa, domin jiki yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, zazzaɓi mai zafi ma yana iya rage su na ɗan lokaci. Saboda haka ne kuma wanda ya bar taba ko ya fara magani sai ya yi haƙurin wata 3 kafin a ga canji.

Akwai taimako. Ciwon sanyi da tsargiya suna da magani, ciwon sanyi kuwa miji da mata ne za su sha tare. Kumburin jijiyoyi da wasu irin toshewa ana yi musu aiki. Tun 1978 da aka haifi jaririya ta farko a Ingila ta hanyar haɗa ƙwan mace da ƙwayar namiji a ɗakin gwaji, da 1992 da likitoci a Beljiyam suka fara sa ƙwaya guda ɗaya tak cikin ƙwai, mazaje da yawa masu ƙarancin ƙwayoyi sun ga 'ya'yansu. Wannan hanya tana da tsada, ba kuma kullum take cin nasara ba, sai ku yi shawara da likita da fastonku. Ku yi hankali da masu tallar maganin maza a tasha da kasuwa. Ku kuma ƙi shawarar da akan raɗa a ɓoye, wai matar ta nemo ciki a waje. Wannan zina ce.

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, Allah kuwa ya warkar. Ku yi addu'a, ku kuma tafi.

Idan gwaji ya nuna daga gare ka ne, ka faɗa wa matarka gaskiya. Ba dole duniya ta sani ba, amma dole ka tsaya gaban danginka ka hana su zaginta. Barin ta ta sha kunya a madadinka shaidar zur ce, ko da ba ka buɗe baki ba. Almasihu ya ɗauki kunyar ikkilisiya a kansa, haka aka umurce ka ka ƙaunaci matarka. Ke kuma 'yar'uwa, ki rufa wa mijinki asiri, kada ki mai da rauninsa abin gori.

Idan kuma bayan an yi duka haihuwa ba ta zo ba, aurenku cikakke ne. A Ishaya 56:3-5 Allah ya yi wa bābā mai tsoronsa alkawarin suna wanda ya fi na 'ya'ya. Akwai marayu da suke bukatar uba, kamar yadda Mordekai ya riƙe Esta.

Addu'a: Ya Uba na sama, kai ne mai ba da 'ya'ya. Ka ba mazajen da suke jira tawali'u su nemi gaskiya, ka ta'azantar da matan da aka zarga ba da hakkinsu ba, ka ba likitoci hikima. Ka buɗe ƙofar haihuwa bisa ga nufinka, ka kuma riƙe gidajenmu cikin ƙauna. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.