Kafin Ka Tura Umarni

Ɗana, kai da ke zaune a Kwargaba ko Wurno da kwamfuta a cinya kana koyon rubuta manhaja, matso in gaya maka. Na ji ana kwaɗaita muku wani fanni: a sa manhaja ta riƙa saita ɗaruruwan na'urorin sadarwa da kanta, ba sai injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ina so ka koye shi, domin abinci ne na halal, kuma ƙasar nan tana neman masu iya shi. Amma kada garaje ya ɗebe ka.

Ka san madatsar Goronyo. Mai buɗe ƙofar ruwa a can ba ya ganin gonar kowa, amma in ya saki fiye da ƙima, shinkafar mutanen bakin Rima ta tafi. Hannunka ne zai kasance a kan irin wannan ƙofa. Ranar 4 ga Oktoba 2021, wani umarni guda da aka tura lokacin gyara ya katse hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin Facebook. Manhajar da aka ajiye don tantance irin wannan umarni tana da matsala, ba ta tare shi ba. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida a duniya baki ɗaya. Ƙwararru ne fa suka yi wannan, ba 'yan koyo ba.

Don haka ka fara daga tushe. Ka san yadda ake raba adireshin IP, da yadda saƙo ke zaɓar hanyarsa, da abin da BGP ke yi tsakanin kamfanoni. Ka ɗora GNS3 a kwamfutarka, ka haɗa na'urorin gwaji, ka saita su da hannunka, ka ɓata, ka gyara, har ka gane ciwonsu. Bayan nan sai Python da Ansible, sai NETCONF da YANG. Manyan kaya irin su Cisco NSO ba za su gudu ba, suna jiran ka. Wanda ya haddace umarni bai san me yake taɓawa ba, ranar da abu ya kwaɓe sai ya tsaya yana kallon allo.

Kai ba sai an ba ka labarin rashin sabis ba. A Satumba 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda tsaro, har da Rabah da Goronyo, ka ga mai POS ya naɗe lemarsa, ka ga uwa ta rasa yadda za ta ji muryar ɗanta da ke ci-rani. Wancan hukuma ce ta yanke. Ina roƙon ka kada sakacinka ya jawo wa mutane irinsa.

Duk canjin da za ka yi, ka ajiye shi a Git, ka bari wani ya duba, ka gwada a na'ura ɗaya tukuna, kuma ka tanadi hanyar komawa baya tun kafin ka tura. In shugabanka ya matsa maka ka yi sauri, ka ba shi haƙuri ka gama gwajin. Allah ya yi maka albarka.