Bar Kunamar Nan da Taurinta

Ɗana, maganar da kuke yi ƙasa-ƙasa a teburin mai shayi ta iso kunnen manya. Wai wane ya samu ƙaramar bindiga, irin wadda ake sokewa a ƙugu riga ta rufe, amma kunamarta ta cika tauri, sai an ja da ƙarfi kafin ta tashi. Wai kuma akwai wani mai walda da zai sa mata magagari, ya goge ta ta yi santsi, da an taɓa sai ta amsa. Ba zan tambaye ka ko kai ne wanen ba. Ka dai ba ni aron kunnenka.

Taurin nan da kuke kuka da shi da gangan aka yi shi. Kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya, wanda 'yan sandan ƙasashe da dama ke riƙe da bindigoginsa, yakan saita kunama yadda sai yatsa ya yi jan da ya kai nauyin kilo biyu da rabi kafin harsashi ya fita. 'Yan sandan birnin New York na Amurka ma ba su yarda da wannan ba. Da suka koma irin waɗannan bindigogi a farkon shekarun 1990, sai suka sa aka ƙara wa kunamar tauri har ya haura kilo biyar, don gudun kada ta tashi a hannun jami'i ba da niyya ba. Mutanen da aikinsu ke nan, masu horo da filin atisaye, su ne suka nemi a ƙara tauri. Sai a 2021 suka fara sassautawa ga sababbin kurata, shi ma da kayan kamfani, a hannun ƙwararrun da hukuma ta ajiye don haka.

Dalilin a jikin ɗan Adam yake. Idan tsoro ya kama mutum, ko aka firgita shi, ko ya yi tuntuɓe, hannunsa yakan damƙe da kansa. Idan ya cafki wani abu da hagu da ƙarfi, dama ma takan matse ba tare da ya sa ta ba. A lokacin da zuciya ke bugawa, yatsa ba ya bambance taɓawa da dannawa. Wannan ɗan jan da sai an yi shi da niyya, shi kaɗai ya rage tsakanin razana da gawa.

Yanzu dubi abin da magagarin zai yi. A cikin bindigar akwai wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da allurar da ke bugun harsashi, kuma riƙon a kan ɗan gefe yake, siriri ƙwarai. Mai walda ba shi da ma'aunin da zai gane inda ya kamata ya tsaya; da ido yake aiki, yana gogawa yana hurawa yana gwadawa da babban yatsa. Ranar da ya miƙo maka ita za ka ji daɗinta a hannu. Amma riƙon ya ragu, kuma yakan ci gaba da cinyewa. Wata rana kana cikin keke napep a Bauchi Road nan Jos, ya faɗa rami, ko ka sunkuya ɗaura takalmi, ko bindigar ta zame daga wando ta bugi siminti, sai ta tashi. Bakinta kuwa ina yake kallo? Cinyarka. A nan babbar jijiyar jini take, wadda idan ta huje mutum kan ƙare cikin 'yan mintoci, tun ba a kama hanyar asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ba. In ba cinyarka ba, to ƙaninka da ke zaune a tabarma.

Kada ka ɗauka wannan tsoratarwar tsofaffi ce. Kamfanin SIG Sauer, da injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, a 2017 ya nemi masu bindigarsa samfurin P320 su mayar da ita a sauya mata wasu sassa kyauta, bayan an gano tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska. Su ke nan da suka ƙera ta. Balle ƙirar gida, wadda aka haɗa da guntun bututu da sifirin da ba a san asalinsa ba, wadda ita ce mafi yawan abin da ke shiga hannun samari a nan.

Sai kuma hukuma. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka ta maharba, kwamishinan 'yan sanda ke ba da izininta. Ta farauta mai harsashi, lasisinta na hannun Sufeto Janar. Ƙaramar bindiga kuwa, fistol ko mai jujjuyawa, tana cikin jerin haramtattu tare da bindigogin soja, ba mai ba da izininta sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita haka kawai, hukuncin da doka ta tanada ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Gyaran bindiga ma sai mai izini, don haka shi mai waldan da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Sojojin da ke shingayen garin nan tun 2010 ba za su tambaye ka ko kunamar na da santsi ba.

Na san abin da za ka ce: Baba, a Jos muke. Na sani, kuma ban raina tsoronka ba. A unguwar nan tamu rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ya fara, daga gardamar wucewa a kan titi lokacin sallar Juma'a, kuma kafin mako ya zagayo an rasa rayuka kusan dubu. Aka sake a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka sake a Janairu 2010. Kai labari ka ji, mu kuwa mun ɗauki gawa. Abin da ya sa nake maka magana ke nan. A gari irin wannan, ƙarar harbi ɗaya da dare, ko da ta kuskure ce a cikin ɗaki, kafin asuba ta zama "an kawo hari" a wayoyin mutane daga Nasarawa Gwom har Angwan Rogo, kuma ba wanda zai tsaya jin cewa kunama ce ta zame. Ga kuma 'yan sara-suka. Da sun ji ƙishin-ƙishin kana da ita, ka zama abin nema: ko su ara, ko su ƙwace, ko su jawo ka cikinsu.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya kama tsininsu kada ya yanki wani, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Kibiya ke nan, wadda ba ta tashi sai an ɗana ta an ja.

Idan bindigar tana hannunka ko hannun abokinka, kada a kai ta wurin kowa gyara, kada a buɗe cikinta, kada kuma a jefa ta a rafin Dilimi inda yara ke wasa. Ka sami mai unguwa ko limaminku ko wani dattijo da ake jin maganarsa, a nemi lauya in da hali, su shige gaba a miƙa ta ga 'yan sanda. In kuwa son tsaron unguwa ne da gaske ya dame ka, 'yan sintiri na neman matasa masu hankali, ka je a rubuta sunanka a san da kai.

Abu ɗaya kuma da nake so ka riƙe, Allah ya sa kada ranarsa ta zo. Idan harsashi ya sami wani a gabanka, ka danne raunin da tsumma da duk ƙarfinka, ku nufi asibiti mafi kusa nan take. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.