Ɗana, Auna Katakon da ke Hannunka

Ɗana, tunda ka rungumi sana'ar kafinta, har mutanen Kademi sun fara kawo maka aikin ƙofa da benci da gadon amarya, to ka ba ni kunnenka a kan maganar awo.

Katakon da ake kira tu-bai-fo, sunansa ke nan a bakin 'yan kasuwa, amma da wuya ka same shi inci 2 da inci 4 cif. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka ga ya kamata kaurinsa ya kai wajen milimita 50. Ɗora masa tef ka gani. Zarto ya ci nasa tun a wurin yanka. Yawancinsa kuma daga dazuzzukan kudu yake zuwa da sauran ɗanyantaka, a sauke shi a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya bi hanyar Wudil zuwa ƙasar Gaya, iskar hunturu ta tsotse ruwan jikinsa, ya tsuke. Kai ma in ka goge shi ka rage wani abu. Ba mu kaɗai ba ne: a Amurka, ƙa'ida ta tsayar da cewa tu-bai-fo busasshe gogagge inci 1½ ne da 3½. Yadda mai sayen gero ba ya ɗaukar kwanon kowace kasuwa daidai da na wata, haka za ka ɗauki sunan katako.

Inda abin ya fi cizo shi ne wurin haɗi. Ka san haɗin da ake fafe rami a jikin katako biyu, a cusa ɗan guntun katako a tsakani, rabi nan rabi can, a sa gam. Ƙarfin ƙofa duk yana kan wannan ɗan guntun. Masu sana'a sukan ba shi kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. To in ka yi lissafi da suna, ka ce 50, za ka fafe ramin milimita 17. Alhali in katakon 42 ne, 14 ya kamata. Ka cinye bangon ramin ke nan, ranar da aka buga ƙofar da ƙarfi sai ya tsage. In kuma guntun ne ya yi wa ramin kaɗan, kada ka ce gam zai cike. Farin gam da muke amfani da shi yana riƙe itace biyu ne in sun manne, ba ya riƙe iska. Kamfanin Festool na Jamus ma, da yake sayar da irin waɗannan guntaye a gyare, na milimita 5, 6, 8 da 10, tare yake sayar da bakin injin da ke fafe ramin kowannensu, don kada ɗaya ya saɓa wa ɗaya.

Kai da ba ka da wannan inji, ga abin da za ka yi. Bar katakon ya sha iska a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, kafin ka taɓa shi. Fafe ramin gwaji a wani yanki da ba ka buƙata, sannan ka goge guntun har ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan, in ka kifa shi kuma bai faɗo ba. Ka yanko shi daga itace mai tauri, irin maɗaci, jijiyarsa ta bi tsawonsa. Kowane rami ya ɗan fi rabinsa zurfi, gam ya sami wurin zama. Kada kuma ka danna shi da ƙarfin guduma a cikin rani, domin damina na zuwa, itace zai kumbura.

Sai haƙƙin mai aiki. Wannan ya fi damuna, ɗana. Manomin da ya sayar da buhun gyaɗarsa ya zo maka daga ƙauyen Ajingi bai san milimita ba, kai ya sani. In ya ce yana son tu-bai-fo, ɗauko tef a gabansa, nuna masa abin da katakon ya kai, ku yi ciniki a kan haka.