Hukuncin Ƙwarnafi da Gyatsa Mai Tsami ga Mai Azumi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni tela ne, shekara uku ke nan ina fama da ƙwarnafi. Da azumi abin ya fi tsanani. In na yi sahur na koma barci bayan asuba, sai in farka ƙirjina yana ƙuna, wani ruwa mai tsami yana taso mini har wuya, wani lokaci har baki. Bara kwana 11 na rama saboda kokwanto. Shin azumina yana karyewa? Alwalata fa? Kuma zan iya shan magani da rana?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Abin da kake siffantawa malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa, suna kiransa ƙalas: ruwa ko ɗan guntun abinci da ciki yake turowa sama ba tare da mutum ya nema ba. Likitoci kuma sun ce akwai wata tsoka a mahaɗar maƙoshi da tumbi wadda take tsukewa bayan abinci ya wuce. In ta saki, ruwan tsamin da ke narkar da abinci sai ya yi sama, shi ne ƙunar da kake ji.

Hukuncin yana bin inda ruwan ya tsaya. Idan iyakarsa maƙogwaro ne ya koma, bai iso inda za ka iya tofar da shi ba, azuminka lafiya lau, ko da ka ji tsaminsa, ko da sau ashirin ne a yini. Idan ya iso baki ka tofar, nan ma babu komai a kanka. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ɗauke ramuwa daga wanda amai ya rinjaya, ya ɗora ta a kan wanda ya jawo aman da kansa, kuma ƙalas bai kai amai ba. Matsala tana wuri ɗaya: ya iso baki, kana da ikon tofarwa, ka haɗiye. In da mantuwa ne ko kuɓucewa, Malikiyya sun ce ka rama yinin, babu kaffara. In da gangan ne, azumi ya karye, kuma malamai da yawa a mazhabar sun haɗa masa da kaffara. Don haka ajiye ƙyalle ko ɗan gwangwani kusa da kekenka, ka tofar, ka kurkure baki, ka ci gaba da ɗinkinka.

Kwanaki 11 da ka rama, Allah ya ba ka ladansu, amma kada ka sake. Ba a rama azumi a kan kokwanto. Ka kama azuminka da yaƙini, to sai da yaƙini za a ce ya lalace. Wasiwasi kuwa in ka buɗe masa ƙofa a azumi, gobe a salla za ka same shi.

Alwala ba ta karyewa da ƙalas. Imamu Malik ya ambata a cikin Muwaɗɗa cewa ya ga malaminsa Rabi'a ɗan Abu Abdurrahman yana fama da shi a masallaci a kai a kai, bai fita ba, bai sake alwala ba, har ya yi salla. Kurkure baki ya isa.

Shan magani da rana yana karya azumi, ƙwaya ce ko na ruwa irin su Gaviscon, haka ruwan kanwa da mutanenmu suke jiƙawa. Ita kanwar ma tana kwantar da ƙuna na ɗan lokaci ne kawai, kuma gishirinta ba abokin mai hawan jini ba ne. Maganin da ake sha sau ɗaya a yini, irin omeprazole, ya fi aiki in an sha shi kamar rabin sa'a kafin cin abinci, ka ga sai likita ya mayar maka da shi gabanin sahur. Idan ya ce zai zura maka na'urar leƙa ciki ta baki, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa wannan ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗa da zuba ruwa ko wani abu ba.

Sai gyaran da ke hannunka, wanda ni a ganina ya fi maganin muhimmanci. Kai da bakinka ka faɗi sababin: sahur, sannan kwanciya. Likitoci suna son a bar kusan sa'a uku tsakanin ci da kwanciya. Ka sassauta sahur, ka zauna bayan asuba kana zikiri ko karatu har rana ta fito, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu. In dole ne ka kwanta, ɗaga kan gado da bulo, kamar tsawon taƙi ɗaya. Kwanciya a ɓarin hagu tana rage tasowar ruwan. Ka fara da dama ka yi addu'o'inka don ka samu sunna, sannan ka juya, babu laifi. Da buɗa baki kuma a yi hattara da ƙosai da soyayyen dankali da yaji da shayi mai kauri da lemon kwalba a zama ɗaya, sannan a tafi asham ana ruku'u da cikakken ciki. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib ya raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin zama suke yawan sha, suna ƙara tsananta ciwon.

Ƙwarnafin da za a iya jurewa ba uzurin ajiye azumi ba ne. Idan kuwa ya kai ga wahala mai tsanani, ko amintaccen likita ya ce azumi zai ƙara ciwon ko ya jinkirta warkewa, kamar mai gyambon ciki da yake zubar da jini, ka sha ka rama in ka samu sauƙi, bisa rangwamen aya ta 184 da 185 a Suratul Baƙara. In ana tsoron halaka, shan ya zama wajibi.

Da zarar ka ga aman jini, ko baƙar bayan gida, ko abinci yana tsaya maka a wuya, ko kana ramewa ba dalili, ko ciwon ƙirjin yana sauka hannu da gumi, ka nufi asibiti a take, ko da saura minti biyar a sha ruwa.

Wallahu a'alam.