Rumbun Mai Albashi

Kowace shekara idan an gama kaka, aka kai dawa da gero rumbu, sai mu ga samari suna raguwa a majami'a. Wani ya tafi Kaduna, wani Abuja, wani Legas. Kakanninmu su kan kira wannan cin rani, su kan komo gida da ruwan fari. Yanzu kuwa da yawa sun tafi ke nan, can za su yi aure, can za su haifi 'ya'ya. Maganar wannan wata dominsu ce, da iyayen da ke sallamarsu a tasha.

Barin gida domin neman aiki ba laifi ba ne. A cikin Ayyukan Manzanni sura 18 mun karanta labarin Akila da matarsa Biriskilla, waɗanda suka bar Roma sa'ad da Kaisar ya kori Yahudawa daga birnin. Suka sauka a Koranti da sana'arsu ta ɗinkin tanti. Manzo Bulus ya zauna wurinsu, suna aiki tare, gama sana'arsu ɗaya ce. Ubangiji ya yi amfani da wannan ƙaura ƙwarai. Amma akwai abin da baƙon birni ya kan manta, shi ne rumbu.

Ku buɗe Littafin Farawa sura 41. Fir'auna ya yi mafarki, Allah kuwa ya ba Yusufu fassararsa: shekara 7 na ƙoshi suna zuwa, bayansu kuma shekara 7 na yunwa. Yusufu ya ba da shawara a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekarun ƙoshi. Ku lura, shi ma baƙo ne a ƙasar, yana da shekara 30 kaɗai sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Ya gaskata Allah, saboda haka ya gina rumbuna. Hatsin nan shi ya ceci Masar, ya ceci Yakubu da dukan gidansa.

Manomi ya san wannan wa'azi tun ba a yi masa ba. Girbinsa sau ɗaya ne a shekara, don haka ya kan ware iri, ya ware na ci, ya ware na Allah, ya liƙe bakin rumbu. Mai albashi kuwa kowane wata kakarsa ce. Tun da shi ke wata na biye da wata, sai zuciyarsa ta ce masa haka za a dawwama. Ya ci na wannan wata har da na wata mai zuwa, yana cewa ai wani albashin na tafe.

Ku tambayi dattawan Bukuru da Barikin Ladi. Akwai zamanin da mutane su ke kwarara zuwa Filato daga ko'ina domin aikin kuza, ana biya kowane mako. Aikin ya yi ta ja da baya, a 1985 kuma farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Tafkunan da aka haƙa suna nan cike da ruwa, ma'aikatan sun watse. Ku tambayi mutanen Kakuri a Kaduna. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta fari a can, wasu suka biyo baya, dubban mutane suna shiga suna fita dare da rana. A 2002 aka rufe ta farin nan, ma'aikata da yawa suka yi shekaru suna jiran hakkinsu, waɗansu har suka mutu ba su karɓa ba. Cikinsu akwai dattawan ekklesiya da matan zumunta. Ba laifinsu ya rufe masaƙa ba. Amma wanda ya riƙe gonarsa ta gida, ko ya ajiye ɗan jari, ko ya koyi wata sana'a, shi ya sami abin dogara ran da ƙofa ta rufu.

To, ya ɗan'uwa mai shirin tafiya, ga abu uku.

Na fari, ka yi lissafi tun kana gida. A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya ƙidaya kuɗin aikin kafin ya sa harsashi, domin kada ya kasa gamawa a yi masa dariya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. An gaya maka albashin birni, amma an gaya maka kuɗin haya? A manyan garuruwanmu mai gida ya kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Tun da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, ma'aikata masu yawa a Nyanya da Mararraba da Masaka su ke kwana, saboda haya a cikin birnin ta fi ƙarfinsu. Daga 2023 kuwa, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama wata haya ta biyu. Ka tambayi wanda ya riga ka zuwa nawa ya ke rage masa bayan haya da mota da abinci. Ka san wurin da za ka sauka, ka ɗaure kuɗin komowa daban, kada ka taɓa shi. Kada ka sayar da gonar gado domin kuɗin tafiya. In wani ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, ka guje shi. In ƙarya ya ke yi, ka yi hasarar kuɗinka. In gaskiya ce, ka sayi aiki da cin hanci, ka kuwa fara da zunubi.

Na biyu, ka tafi da takardar shaida daga ekklesiyarku. A cikin sura 18 ɗin nan ta Ayyukan Manzanni, da Afolos ya so hayewa zuwa Akaya, 'yan'uwa suka rubuta wa masu bi na can su karɓe shi. Ka je wurin fastonku ya rubuta maka, Lahadin fari kuwa ka kai ta majami'ar garin da ka sauka. Wane aiki wannan takarda za ta yi wa aljihunka? Babba. Ɗan nan na Luka sura 15 ya ɓatar da rabon gadonsa a ƙasa mai nisa, inda ba mai saninsa balle ya kwaɓe shi. Da yunwa ta zo, ba wanda ya ba shi ko loma. Saurayin da ba wanda ke tambayarsa ina ya kwana, shi ne gidan giya da shagon cacar ƙwallo su ke jira. Wanda ke cikin zumunta kuwa ya kan ji labarin aiki daga bakin 'yan'uwa, ya sami ɗaki mai sauƙi, ya sami mai kai shi asibiti ran ciwo. In ba ka sami aikin ofis ba tukuna, ka kama na hannu, ko gini ne ko dako. Manzon da ya ɗinka tanti bai ji kunya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, ran da albashi ya shigo ka raba shi kafin ka shiga kasuwa. A ce kana karɓar naira 70,000, watau mafi ƙanƙantar albashi da aka sa a doka a 2024. Ka fara fid da na Ubangiji. Sa'an nan ka fid da na rumbu. Kashi ɗaya cikin biyar na Yusufu naira 14,000 ne, mun kuwa sani da tsadar abinci ba kowa zai iya ba. To, ka ajiye 3,500, watau ɗaya cikin ashirin; a wata 12 ta zama 42,000. Bayan wannan ka yanka abin da za ka riƙa aika wa iyaye, ka faɗa musu gaskiyar abin da ka ke samu. Abin da ya ragu shi ne na ci, daidai ruwa daidai tsaki. In ana cire maka kuɗin fansho, ka bincika ko yana shiga asusunka. Bisa ga dokar 2014 ma'aikaci ya kan ba da kashi 8 cikin 100, mai ba da aiki kuma kashi 10. In za ka shiga adashi, ka shiga da waɗanda ka san gidajensu.

Ka yi hankali da ɓarayin rumbu guda biyu. Ɗaya shi ne bashin da a kan ci ta wayar hannu, mai sauƙin karɓa, mai ruwa da yawa, wanda in ka yi latti su kan aika wa abokanka da danginka saƙon tozarta ka. Ɗayan shi ne mai cewa ka kawo kuɗi zai ninka maka ba da wani ciniki ba. Ku tuna da MMM, wanda ya tsai da biya a watan Disamba 2016, ana gab da Kirsimati, masu bi da yawa kuwa suka yi kuka. Waɗansu ma a ƙofar majami'a aka jawo su ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ku kuma iyaye, kada ku mai da ɗanku rijiya. In ya ce ba shi da shi, ku gaskata shi. Yaro da yawa ya ci bashi domin ya komo Kirsimati da sababbin tufafi da tsaraba, kada a ce bai yi arziki ba, ya koma birni yana biya har Ista.

Wani zai ce, Ashe ba Yesu ya hana mu damuwa da gobe ba? Gaskiya ne. Ya kuma ba da misalin mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya domin ransa kaɗai, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Rumbun Yusufu ya ciyar da al'umma, na wannan mutum bai ciyar da kowa ba. Ka yi tanadi domin kada ka zama kaya ga 'yan'uwa, domin kuma ka sami abin ba mai bukata. Amma dogararka ta zauna ga Allah, wanda ya ke ba da ƙoshi, ya ke kuma riƙe nasa cikin yunwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka kiyaye 'ya'yanmu da ke baƙunci. Ka buɗe musu ƙofar aikin halal, ka ba su hikimar Yusufu a ranar samu, ka tsare su cikin garkenka duk inda suka sauka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.